Shirun Haƙorin Subhi

Tanta, cikin watan Safar

Zuwa ga Yayana Midhat,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa irin ta ƙanwa ga wanta, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta iske ka cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, kai da Azza da yara. Allah Ya sassauta muku zafin Kuwait, Ya yi wa nemanka albarka, Ya dawo mana da kai muna da rai. Mu nan muna godiya ga Allah. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har tana hawa bene ta shanya kaya da kanta in ba a tsare ta ba. Fat'hi mijina yana nan yana fama da aikin jirgin ƙasa, 'yarmu Nada kuma ta shiga ajin ƙarshe, kullum tana cikin littafi kamar za ta cinye shi. Shago ya fara cika da hayaƙi da ƙamshin riɗi, ka san Mauludi ya ƙarato, tukwanen alewa ba sa sauka daga wuta.

Za ka yi mamakin ganin rubutuna alhali ga waya. Dalili kuwa, duk ranar da ka kira Umma tana liƙe da kafaɗata, numfashinta a kunnena, abin da zan faɗa maka kuma ba ya faɗuwa a haka. Shi ya sa da na ji maƙwabcinmu Ramzi zai koma wajenku, na zauna na rubuta. Maganar haƙorin ƙaninmu Subhi ce. Ranar da Umma ta kira ka tana kuka, ka ce a cire shi kawai a huta, me ake jira. Ban yi maka musu ba a lokacin don ni ma tsoron da ke cikinka shi ke cikina. Amma ina so ka ji yadda abin ya gudana daga farko, ka ji da kyau, don akwai rabonka a ƙarshensa.

Ka san yadda Baba yake gane sukari ya nuna. Ya ɗebo ɗigo a ludayi, ya saki cikin kwanon ruwan sanyi, ya tsamo shi da yatsu biyu ya ɗora a kan turmin haƙorinsa na dama ya ɗan danna. Haƙorin ne ke gaya masa ko a zuba riɗi yanzu, ko a ƙara masa wuta. Subhi ya gaji shagon, ya gaji ludayin, ya kuma gaji wannan ɗabi'a, da haƙori ɗaya tak kamar yadda Baba yake yi. Tun yana saurayi yake danna narkakken sukari a wuri guda daga safe har yamma. To, ina haƙori ina wannan aiki? Bayan Babbar Salla matarsa Suhair ta zo ta same ni a ɓoye, ta ce ta lura mijinta in zai sha ruwa sai ya karkatar da kai kamar kaza, kuma ya daina shan ruwan rake mai sanyi da yake mutuwar so. Yaya, da na ji haka sai Baba ya faɗo mini a rai.

Kai kana aikin soja lokacin da Baba ya kwanta, ba ka ga abin da muka gani ba, mu kuma ba mu taɓa ba ka labarin dalla-dalla ba. Baba ya daɗe yana fama da haƙorin nan yana ɓoyewa. Sai dai ka ji warin kanumfari a bakinsa, in Umma ta tambaye shi ya ce alhamdulillahi, ba komai. Ana nan ana nan, wata rana ya tashi ya ce ciwon ya tafi gaba ɗaya, kuma wannan karon da gaske yake, fuskarsa ta washe. Umma ta yi murna, ta dafa shinkafa da madara babbar tukunya, ta raba wa maƙwabta sadakar godiya. Ba a jima ba kumatunsa ya tashi. Kumburin ya gangara ƙarƙashin muƙamuƙi, ya sauka wuya, har yawu ya gagare shi haɗiyewa. Kafin ya yarda a kai shi asibiti numfashinsa ya koma kamar ana jan zarto. Ni ce na riƙe kansa a cikin mota. Har yau in na ji ƙamshin kanumfari a abinci sai in ture kwanon, Umma kuwa ta hana shi shiga ɗakin girkinta tun daga shekarar.

Don haka ban tsaya lallashi ba. Na je shago na ce wa Subhi ko ya bi ni wajen likita da ƙafarsa, ko in tara masa jama'a a bakin titi. Ya ce wai ni ba ni da aiki sai sa ido a bakin mutane, in je in ƙirga haƙoran Fat'hi mana. Duk da haka ya biyo ni, yana tafe yana gunaguni, ƙato da shi amma tafin hannunsa sharkaf da gumi. Wajen wata Dakta Nirmin muka je, yarinya ce a kanmu, mai magana a hankali. Ta ɗauki hoton haƙorin ta nuna mana. Daga waje ɗan baƙin ɗigo ne kawai, amma a ciki kogo ne ya yi zurfi, saura ƙiris ya taɓa jijiya. Ta yi masa tambayoyi: ciwon yana tashinsa daga barci? Ya ce a'a. Yana zuwa haka kawai ba tare da ya ci komai ba? Ya ce a'a, sai sanyi ko zaƙi ya taɓa wurin, ya tsira masa kamar allura ya wuce. Ta ce to da sauran fata, jijiyar tana da rai, ta fusata ne kawai, kuma ita ba ta son kashe abin da zai iya rayuwa.

Ni da na zaci za ta ce a cire, ko a kashe jijiyar kamar yadda ake yi wa kowa a unguwarmu, sai na ji wani zance dabam. Ta yi masa allura, ta rufe bakin da wata 'yar roba haƙorin kaɗai ya leƙo, ta share gefunan kogon tas. Da ta zo ƙasan, wajen da ke dab da jijiya, sai ta tsaya. Ta ce za ta bar ɗan siririn ruɓaɓɓen wurin yadda yake, don in ta ci gaba da ƙwaƙula za ta huda rufin jijiyar. Ta shimfiɗa magani a kai, ta cike kogon ta toshe shi gam. Na ce mata Dakta, ruɓa fa kika ce kin bari a ciki? Ta ce e, amma ƙwayoyin da ke cin haƙori da abincin baki suke rayuwa, in aka toshe musu ƙofa yunwa ce za ta gama da su, haƙorin kuma in yana da rai zai gina wa kansa sabuwar katanga daga ciki. Ta lissafa mini abin da za mu sa wa ido: kumburi, zazzaɓi, zogi mai daɗewa, ciwon da zafi ke tayarwa. Ta ce ya daina danna sukari a wannan gefen, mu dawo bayan wata biyu ta duba ko jijiyar ta tsira. Shi gogan naka yana kwance leɓe a karkace yana kallon rufi, ba abin da ya shiga kunnensa sai zancen sukarin.

Na yi niyyar ɓoye wa Umma batun abin da aka bari a ciki. Amma ka san bakin Subhi. Muna cin abinci ya kwashe da dariya ya ce wai likitocin zamani har ragowa suke bar wa mutum, kamar mai shara da ta gaji ta tura datti ƙarƙashin tabarma. Umma ta ajiye burodin da ke hannunta. Ta ce a maimaita mata. Daga nan gidan ya kama da wuta: an rufe mata ɗa da ruɓa a baki, an binne masa abin da ya kashe ubansa, ita ba ta ga amfanin ilimin da zai ga cuta ya lulluɓe ta ba. Ranar ce ta kira ka. Ban ga laifinta ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Ni kaina da nake kare likitar da baki, zuciyata ba ta tare da bakina. Sai in tsinci kaina ina wanke-wanke ina tunanin abin nan baƙi yana kwance a cikin kan ƙanina, an rufe shi, ba mai ganinsa.

Tun daga ranar Umma ta mayar da fuskar Subhi abin kallonta. Ya ɗaga kofi, idonta na kansa. Ya tauna wake, idonta na kansa. In ya ɗan yamutsa fuska ko da ƙuda ne ya sauka masa, sai ta dafe ƙirji hawaye su zubo, ta hau shafa masa wuya tana neman kumburi. Mutum mai 'ya'ya uku ana laluben wuyansa a gaban yaransa! Da farko yana tsokanarta, yana cewa Hajiya a bar wuyan nan haka, ba ragon layya ba ne. Daga baya na ga ya daina wasan. Fuskarsa ta koma kamar katako, ko me ya ci ko me ya sha ba ta motsi, tambaya kuma amsarta ɗaya ce, alhamdulillahi ba komai. Ni da wautata sai na ɗauka sauƙi ne ya samu.

Ranar komawa Umma ta ce ƙafarta ƙafarmu. Ta shiga har ɗakin likita, ta tsaya a ƙarshen kujerar da carbi a hannu, ta ƙi zama. Dakta Nirmin ta fesa wani abu a ɗan ƙullin auduga har ya yi fari da sanyi, ta ce wa Subhi da zarar ya ji sanyin ya ɗaga hannu. Ta fara da lafiyayyen haƙori na kusa. Ya ɗaga hannu, Umma ta saki salati da ƙarfi har ma'aikaciyar da ke taya likita ta firgita. Sai likita ta ɗora audugar a kan mai cikon. Shiru. Ta sake fesawa ta sake ɗorawa, ta daɗe. Hannunsa yana kan cinyarsa bai motsa ba. Ta tambaye shi bai ji komai ba? Ya ce alhamdulillahi, ko kaɗan. Umma ta ɗaga hannu sama, saura kaɗan ta rangaɗa guɗa a asibitin mutane. Shi kuma ya diro daga kujera ya kama hannunta, wai ya bar sukari a kan wuta, suka fice tana sa wa likita albarka. Ni kaɗai na ga likitar ba ta yi murmushi ba.

Ta ce in tsaya. Ta ce Madam Insaf, wannan shirun ba shi take nema ba. Haƙori mai rai dole ya ji sanyi, ya ji ya saki. Wanda bai ji komai ba, sau da yawa jijiyarsa ce ta mutu, matacciyar jijiya kuma in ta zauna a rufe ita ke tara mugunya a saiwa. Ta ce hoton bai nuna ɓarna ba tukuna, don haka ba za ta yi gaggawa ba, in dawo da shi mako mai zuwa ta sake gwadawa, in ya sake yin shiru dole ta buɗe ta cire jijiyar. In kuwa muka ga ko alamar kumburi kafin nan, kada mu jira ko awa guda. Yaya, tana magana ni kuma Baba nake gani ranar da ya tashi fuska a washe ya ce ciwo ya tafi. Shekara da shekaru ina tambayar kaina yadda aka yi mutum ya warke sannan ya mutu. A tsaye a ɗakin nan na samu amsa, kuma na so a ce ban samu ba.

Ban san yadda na kai gida ba. Ina tura ƙofa ƙamshi ya tare ni: madara, kirfa, shinkafa. Umma tana tsaye a kan babbar tukunyar nan, ita dai wadda ka sani, tana juyawa tana waƙa ƙasa-ƙasa, ta jera kwanoni za a kai wa maƙwabta. Ta miƙo mini nawa da zafinsa ta ce in ci, Allah Ya kunyata shaiɗan, ɗanta ya warke. Na karɓa. Na riƙe kwanon har ya huce a hannuna, ko cokali ɗaya ban iya kaiwa baki ba. Ta yaya zan ce mata Umma, wannan tukunyar kin taɓa ɗora ta? Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada a ji kukana. Da Subhi ya dawo da yamma na yi ta kallon muƙamuƙinsa, ina ganin kamar gefen dama ya fi na hagu, in kawar da kai in sake dubawa in ga daidai suke. Tsoro ya hana ni buɗe baki a gaban Umma, ita kuma ba ta matsa daga gefensa ba.

Washegari da hantsi na bi shi shago, na ƙudurta zan gaya masa komai a can. Na tsaya a bakin ƙofar baya, bai gan ni ba. Ya ɗebo sukari ya saki a ruwan sanyi, ya tsamo, ya kai gefen hagu kamar yadda aka umarce shi. Amma ruwan da ke yatsunsa ya gangara dama. Sai na ga idonsa na dama ya runtse, kafaɗarsa ta ɗaga, ya ja iska ta tsakanin haƙora, sannan ya waiwaya da sauri ya ga ko wani ya gani. Muka haɗa ido. Labarin zuciya a tambayi fuska! Wallahi Yaya ban san lokacin da na fizge ludayin na ɗirka masa a kafaɗa ba. Na ce maƙaryacin banza, ashe kana ji? Ya ce to me nake so ya yi, tsohuwa tana tsaye a kansa tana kallonsa kamar ana auna masa likkafani? Ya ce sanyin nan ya ji shi har cikin ƙwaƙwalwarsa, ya danne ne da yatsun ƙafa a cikin takalmi, don dai ta samu ta yi barci.

Na gaya masa abin da likita ta ce, na haɗa da na Baba. Ya nemi buhun sukari ya zauna. Tukunya tana ta tafasa a bayansa har ta fara ƙauri. Can ya ce ashe da ya sake yin jarumtar nan mako mai zuwa, da an kashe masa haƙori mai rai da bakinsa. Na ce ƙwarai, kuma wannan ne mai sauƙin. Mai wuyar shi ne ranar da ciwon gaske zai zo ya ce mana alhamdulillahi ba komai, mu yarda, mu ɗora tukunya. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma ba kowane gudun uba ake gada ba. Ya ce in rage murya ma'aikata suna ji. Na ce su ji, su ma duk haka suke.

Ba mu jira mako ba, a ranar muka koma. Umma ta ga muna shiri ta ce ba inda za a je ba ita. Wannan karon likita ta roƙe ta ta zauna a waje, ta zauna ba don ta so ba. Aka fesa audugar, aka ɗora. Yaya, da ka ji ihun da ƙaninka ya yi, sai ka rantse ƙafa aka yanke masa. Ya ƙwala ƙara ya kira sunan Allah ya kira na Umma, kujerar har girgiza take. Kafin a rufe baki ƙofa ta bugu da bango, ga Umma mayafi a ƙasa, fuska ba jini, tana tambaya me aka yi wa ɗanta. Ta tarar da likita tana dariya, shi kuma yana cewa ya wuce, ya wuce, ya tafi. Dakta Nirmin ta kama hannunta ta zaunar da ita, ta ce Hajiya wannan ihun shi take jira tun jiya. Ya ji, kuma ya saki nan take, haka mai rai yake yi. Ta bi mata bayanin a hankali kamar yadda ta yi mini.

Umma ta saurara har ƙarshe. Sai ta yi tambaya ɗaya, da wata ƙaramar murya da ban san ta da ita ba. Ta ce to haƙorin da ya daɗe yana ciwo, rana ɗaya ya yi shiru da kansa ba magani, shi fa? Likita ta dube ni, ta dube ta, ta ce shi ne wanda ake gudu da shi asibiti. Umma ta gyaɗa kai. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. A mota muna komawa tana kallon titi. Sai da muka kusa gida ta ce, ba tare da ta juyo ba, ita fa har shinkafa ta raba. Ta ƙara da cewa shekara talatin ta yi tana zaune da Baba, da ma sau ɗaya ya yi mata ihu irin na Subhi.

Kada ka ɗauka an gama. Likita ta ce jijiyar tana da rai yau, amma ba ta yi mana alkawarin gobe ba. Za mu koma bayan Mauludi, mu sake komawa bayan wasu watanni a ɗauki hoto, kuma in cikon ya tsage ko ya yi yoyo komai zai iya dawowa. Abin nan yana nan kwance a ƙarƙashi, ni kuma har yanzu in Subhi ya shigo wuyansa nake fara gaisarwa kafin fuskarsa. Abin da ya canja shi ne Umma. Yanzu kowace safiya tana tare shi a bakin ƙofa da kofin ruwa daga firji, sai ya kurɓa ya kai gefen dama a gabanta. In ya runtse ido ya ce wash, sai ta fara karanta Ƙulhuwallahu, in zafin ya tafi kafin ta kai ƙarshe ta ce madalla, ya wuce aiki. Likita ta ce ba sai kullum ba, amma wa zai gaya wa Umma? Don haka ina roƙonka, in ka kira kada ka sake ta da zancen cirewa, ka taya mu da addu'a Allah Ya raya shi.

Saura naka. Ranar Salla da ka kira mu ta waya mai hoto kuna cin nama, na ga gefe ɗaya kake tauna, kuma da na yi magana Azza ta sunkuyar da kai ta hau gyara faranti. Na tambaye ka, ka ce alhamdulillahi ba komai. Shekara nawa kana can, ban taɓa jin ka ce ko kanka ya sara ba. Godiya ga Allah wajibi ce, ka yi ta, amma in ka gama ka faɗi sauran. Ina jin tsoro, Yaya, tsoro na gaske, don kai ba ka da mai tsayawa a ƙofar baya ta ga lokacin da idonka zai runtse. Kwalin alewar riɗi da ta gyaɗa da Ramzi zai kawo na yara ne, kai ban yafe maka ko gutsure ba sai ka je an duba bakinka.

Ka gaishe mini da Azza, ka ce mata na san ta sani, kuma ina jiran kiranta. Ka shafa mini kan Ziyad da Salma, su wanke baki bayan sun sha alewar. Fat'hi da Nada suna gaishe ka, Suhair da yaranta ma haka. Subhi ya ce in gaya maka kafaɗarsa har yanzu tana ciwo, kuma ya faɗa da bakinsa ba wanda ya tambaye shi. Umma tana zaune kusa da ni yanzu, na karanta mata wannan sakin layi na ƙarshe. Ta ce tana sa maka albarka, kuma in ka kira ranar Juma'a kada ka ce mata lafiya lau, ta ƙoshi da ita. Ka gaya mata inda ke maka ciwo.

Allah Ya tsare mana kai, Ya haɗa fuskokinmu da alheri. Wassalam.

Ƙanwarka mai kewarka,
Insaf